Farfaɗiya: Na'urar Da Ke Nuna Wa Likita Faɗuwar Da Bai Gani Ba



A kasuwanninmu na gundumar Madarunfa, ko ta cikin gari, ko ta Ɗan Isa, Gabi, Safo da Jiratawa, da wuya a samu wanda bai taɓa ganin mutum ya yanke jiki ya faɗi ba, yana jijjiga, kumfa na fita masa a baki. Kowa kuma ya san abin da ke biyo baya. Jama'a su kewaye shi daga nesa, wannan ya ce iska ne, wancan ya ce farfaɗiya ce, wata ta janye ɗanta don kada yawu ya taɓa shi. Bayan minti biyu ko uku mutum ya farfaɗo cikin kunya da gajiya, bai san abin da ya faru ba.

Idan Allah ya sa dangi suka kai shi asibiti, a nan ake gamuwa da matsala. Duk kasuwa ta ga faɗuwar, amma wanda ya fi kowa buƙatar ganinta, wato likita, bai gani ba. Maras lafiya yana zaune a gabansa garau. Shi ba ya tuna komai, wanda ya rako shi kuma tsoro ya hana shi lura, ko ma ba ya wurin, labari aka ba shi. Ku da kuke ciniki kun sani ba a cinikin biri yana sama, amma sau da yawa haka likita yake rubuta magani, a kan abin da ya ji kawai. Domin magance wannan ne masana suka haɗa na'urori biyu wuri guda: mai ɗaukar motsin ƙwaƙwalwa da mai ɗaukar hoton bidiyo.

Wutar da ke cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da wata ƴar ƙaramar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. Da wannan wutar muke gani, muke magana, muke lissafin canji. Farfaɗiya tana tashi ne idan wasu daga cikin ƙwayoyin suka saki wuta da yawa a lokaci guda ba bisa tsari ba, kamar yadda wayoyin lantarki kan haɗu a gida su yi tartsatsi. Idan tartsatsin ya game ƙwaƙwalwa duka, mutum ya faɗi ya sandare ya yi jijjiga. Idan a wani sashe kaɗai ya tsaya, abin da za a gani daban ne: hannu ɗaya ya riƙa karkarwa, ko mutum ya ƙura ido yana tauna baki yana jan rigarsa, ana yi masa magana ba ya amsawa.

Wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger ne ya fara ɗaukar wannan wuta daga kan mutum a garin Jena cikin 1924, ya kuma bayyana aikinsa ga duniya a 1929. Na'urar ita ce ake kira EEG a asibitoci, a ƙasashe masu Faransanci da masu Ingilishi duka. Ana manna wa mutum ƴan ƙananan ƙarafa kamar maɓallan riga, wajen 20, a fatar kai, kowane da siririyar waya da ta tafi zuwa kwamfuta, ita kuma ta zana motsin a layi-layi. Wutar da ake ɗauka ba ta taka kara ta karya ba, batirin tocila guda ya ninka ta fiye da sau dubu goma.

Ya kamata a kwantar da hankali game da abubuwa uku, domin ana yawan tsoron su. Na'urar ba ta sa wa mutum wuta a kai, saurare kawai take yi. Ba ta karanta tunani ko sirrin zuciya. Kuma ba ta da zafi, ba allura ba yanka. Abin da ake so ga mace shi ne ta tsefe kitso, ta wanke kai da sabulu, kada ta shafa mai, domin mai yana hana maɓallan kamawa. Lokacin awon za a ce mutum ya buɗe ido ya rufe, ya yi numfashi mai zurfi na minti uku, a kuma haska masa fitila mai walƙiya, don a ga yadda ƙwaƙwalwa za ta amsa.

Dalilin haɗa ta da bidiyo

Awon da aka saba yi minti 20 zuwa 30 ne. To mai farfaɗiyar da ke faɗuwa sau ɗaya a wata, yaya za a yi faɗuwarsa ta dace da wannan rabin awar? Shi ya sa kusan rabin masu farfaɗiya na gaskiya, awon farko ba ya nuna komai a kansu. Iyaye su riƙe wannan da kyau: idan aka ce takardar EEG ta fito lafiya, ba yana nufin babu ciwon ba ne.

Saboda haka a manyan asibitocin duniya aka keɓe ɗaki na musamman. Ana kwantar da maras lafiya da wayoyin a kansa dare da rana, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci har mako guda, ga kuma kyamara a bango tana ɗaukarsa, har cikin duhu. Kyamarar da na'urar agogo ɗaya suke bi. Mai jinya yana riƙe da wani maɓalli, da ya ga abin ya taso sai ya danna. Daga baya likita ya zauna gaban allo, gefe ɗaya yana ganin mutum, ɗaya gefen yana ganin layukan ƙwaƙwalwarsa a daidai wannan daƙiƙar. Wani lokaci akan rage wa mutum magani ko a hana shi barci don abin ya taso, amma wannan a gaban ma'aikatan asibiti ne kawai, da allurar tsayar da jijjiga a kusa. Kada wanda ya gwada haka a gida.

Tambayoyi uku wannan awo yake amsawa. Ta farko, shin farfaɗiya ce ko wani abu ne daban? Ta biyu, idan ita ce, wace iri ce? Wannan yana da muhimmanci domin maganin da ke yi wa wani iri aiki yana iya tsananta wani. Alal misali akwai wadda ke kama yara ƴan makaranta, yaro ya ɗauke wuta na daƙiƙa goma ya dawo, sau da yawa a yini, malam yana dukansa wai ba ya mai da hankali. A kan na'ura tana da zane nata na daban, mai bugawa sau uku a daƙiƙa, kuma maganin Tegretol da ke taimakon wasu yana iya ƙara wa irin wannan yaro ciwo. Ta uku, daga wane sashe na ƙwaƙwalwa abin yake tasowa? Ga wanda magani ya ƙi yi masa aiki, sanin wurin shi ke buɗe hanyar yin fiɗa a cire inda ya lalace.

Ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba

Babban darasin da waɗannan ɗakuna suka koya wa likitoci shi ne yawan kuskuren da ake yi idan an dogara da labari kaɗai. A cibiyoyin Turai da Amurka, cikin mutanen da ake turowa a kan cewa farfaɗiyarsu ta gagari magani, ana samun ɗaya cikin huɗu ko biyar da ba farfaɗiya ke damun su ba. Wasu sun yi shekaru suna shan maganin ciwon da ba su da shi.

Akwai suma ta yau da kullum, wadda zafin rana, yunwa, doguwar tsayuwa ko ƙarancin jini kan jawo. Mutum ya ga jiri da duhu-duhu, ya sulale, har ma ya ɗan yi fizge-fizge, amma da ya kwanta sai ya dawo hayyacinsa nan da nan. Wata sumar kuma daga zuciya take, ita ce mai haɗari. Akwai faɗuwar da damuwa, baƙin ciki ko firgita ke haddasawa, wadda aka fi gani ga ƴan mata da matasan mata. Sau da yawa mai ita tana runtse ido gam, abin ya daɗe, ya lafa ya sake tashi, alhali na'ura na nuna wutar ƙwaƙwalwa tana tafiya daidai. Wannan ba ƙarya ba ce, ba kuma shagwaɓa ba. Ciwo ne na gaske, sai dai maganinsa sauraro ne da shawarar masana lafiyar tunani, ƙwayar farfaɗiya ba ta yi masa komai. Ita kuwa babbar farfaɗiya, galibi ido a buɗe yake, ba ta cika wuce minti biyu ba, mutum kan ciji gefen harshe, bayan ta wuce ya yi barci mai nauyi ko ya ruɗe. Waɗannan alamu ne da likita ke haɗawa ya auna, ba na mu yanke hukunci da su a rumfa ba.

Iri biyu kuma ba su jiran kowane awo. Yaro ƙarami da ya yi jijjiga da zafin jiki, abin da kakanninmu ke ce wa bugun tsuntsu, a kai shi asibiti a take a duba masassarar cizon sauro da sanƙarau. Mace mai ciki ko mai jego da ta yi jijjiga, hawan jini ne ake zargi, kuma rai biyu ne ke cikin haɗari.

To mu fa a Madarunfa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Yawanta a wajenmu yana da dalili. Duk abin da ya ji wa ƙwaƙwalwa rauni yana iya barin tabon da zai riƙa tartsatsi daga baya: doguwar naƙuda da ta sa jariri ya rasa iska, masassarar cizon sauro da ta hau kai, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Nijar da arewacin Najeriya suna tsakiyar yankin sanƙarau na Afirka. Manya ba su manta da annobar 1995 a Nijar ba, da ta 1996 a Kano da maƙwabtanta, sannan ga ta 2015 da ta kama sama da mutum 8,000 a ƙasarmu. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010, da maganin rigakafin masassara da ake ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina, wanda Madarunfa na cikin gundumomin da aka fara shi a 2013, duk suna kare ƙwaƙwalwar yara ne. Hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya hana aukuwarta.

Amma wajen awo da sauran tafiya. Ɗakin da ake kwana da kwanaki ana ɗauka yana son wutar da ba ta yankewa, da ma'aikata dare da rana, da ƙwararren da zai karanta, shi ya sa ba shi da yawa a duk Afirka ta Yamma. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna a ƙasashe matalauta ƙwararre ɗaya ne a fannin ƙwaƙwalwa da jijiya ga mutum miliyan guda, alhali a ƙasashe masu arziki sun kai 70. Gajeren awon EEG ana yin sa a manyan asibitoci irin su Babban Asibitin Ƙasa na Yamai da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa kusan kilomita 660 ne. Mai tuyar ƙosai ko mai tallar kifi ta san abin da wannan ke nufi: kuɗin mota, masauki, da kwanakin da rumfa za ta zauna a rufe.

Akwai masu neman gajarta wannan hanya. A arewacin Najeriya, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi wani aiki mai suna BRIDGE a Kano, Kaduna da Zariya. Sun shirya tambayoyi da Hausa don gano farfaɗiyar yara, suka kuma koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya na unguwanni yadda za su gane ta su ba da magani. A ƙasar Gini kuma, a asibitin Ignace Deen na Konakiri, an gwada wata hular EEG da ake haɗawa da waya ko ƙaramar kwamfutar hannu, a aika awon ta intanet ƙwararru su karanta daga wata ƙasa.

Rabin na'urar yana hannunki

Kafin irin waɗannan su iso ƙofar gidanmu, a duba abin da muke da shi. Na'urar nan rabi biyu ce, rabin wayoyin kai da rabin kyamara. Rabin kyamarar yau yana cikin jakar ƴan kasuwa da yawa. A 2020 wasu likitocin Amurka ƙarƙashin jagorancin Dokta William Tatum suka buga sakamakon wani bincike a kan bidiyon da dangi suka ɗauka da wayar salula. Da labari da duba jiki kaɗai, likitoci sun gano ciwon daidai a wajen kashi 79 cikin 100. Da aka haɗa da bidiyon wayar sai ya kai kashi 95. Gani ya kori ji ke nan.

Sai dai ceto yana gaba da ɗauka. Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta, man tuya, ruwa ko bakin hanya. A sa masa ɗankwali ko zane a ƙarƙashin kai, a sassauta abin da ya shaƙe wuya, da jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe don yawu ya fita. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a turara masa hayaƙi. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo, ba a ɗaukarta ta taɓawa ko cin abinci a kwano ɗaya. Idan jijjiga ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a nemi abin hawa zuwa asibiti ba jira.

Idan ku biyu ne, ɗaya ya taimaka, ɗaya daga cikin dangi ya ɗauka. A fara da jiki gaba ɗaya, hannuwa da ƙafafu su fito, sannan a matso ga fuska a ga ko ido a buɗe yake ko a rufe, da gefen da kai ya karkata. A kira sunansa da ƙarfi don a ji ko zai amsa. Idan da dare ne a kunna fitila. Kada a kashe da zarar jijjiga ta tsaya, a ci gaba minti ɗaya ko biyu, domin yadda mutum ke farfaɗowa ma shaida ne. Daga nan a riƙe rana da lokaci, da abin da yake yi kafin ya faɗi, ko ya sha maganinsa, ko ya yi barci sosai. Mai iya rubuta bashi a littafi zai iya rubuta wannan.

Wannan bidiyo amana ne. Na likita ne kaɗai, ba na WhatsApp ko TikTok ba. A rufa wa mace jikinta kafin a ɗauka, idan ta farfaɗo a gaya mata, in ba ta yarda ba a goge. Malamai suna karantar da mu hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta je wurin Manzon Allah (SAW), wadda ta zaɓi haƙuri da ciwon amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Yarinyar da hotonta ya yawata gari, an jawo mata tsangwamar da ta fi ciwon zafi, har ta kai ga rasa makaranta ko mijin aure.

Magani yana nan

Da bidiyon a hannu, a fara da asibitin CSI mafi kusa. Su za su tura zuwa asibitin gunduma na Madarunfa, ko Maraɗi idan abin ya fi ƙarfinsu. Ba kowa ke buƙatar zuwa Yamai ba, da yawa labari mai kyau da bidiyo sun isa a fara masu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai aka ba su magani, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun sa. Gardenal, wanda ake amfani da shi tun 1912, yana cikin magunguna mafi araha, ga kuma Tegretol da Depakine.

Sharaɗinsa shi ne a sha kullum a kan lokaci, ko an yi watanni ba a faɗi ba. Yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa. Likita ne kaɗai zai rage shi a hankali, galibi bayan shekara biyu ba faɗuwa. A saya a farmasi, a guji na masu talla da ya sha rana a kan tire. Mata kuma su gaya wa likita idan suna da ciki ko suna son ɗauka, domin Depakine yana iya cutar da ɗan da ke ciki, Gardenal da Tegretol kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu. Wanda faɗuwarsa ba ta tsaya ba tukuna, kada ya shiga tafkin Madarunfa shi kaɗai wanka ko su, kada ya ja ruwa a rijiya, ya hau itace ko ya tuƙa babur, kada kuma a bar mace ita kaɗai gaban kaskon mai.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a ba. Mai farfaɗiyar da ke shan magani yana karatu, yana aure, yana haihuwa, yana riƙe rumfa kamar kowa. Wanda ke da irin wannan maras lafiya a gida ko a maƙwabta, ya isar masa da wannan bayani, kuma ranar da abin ya taso a taimaka masa da farko, sannan a ɗaukar wa likita shaida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, amin.